Gashin Kek da Biskit a Gida: Awo, Kwaɓi da Sarrafa Wuta

Kek da biskit ba su daɗe a ɗakin girkin Bahaushe ba idan aka kwatanta su da alkaki da nakiya, waɗanda tun kaka da kakanni ake jera su a cikin gara, wato kayan abincin da iyayen amarya kan kai gidan mijinta bayan biki. Duk da haka sun riga sun zama 'yan gida, domin da wuya a yi Sallah ko suna ko walimar saukar karatu a birane irin su Kano da Zariya da Maraɗi ba a ga kek da cincin cikin abin da ake tarbar baƙi da shi ba. Abin da ya bambanta gashin kek da girkin da aka saba shi ne, tuwo da miya suna karɓar gyara suna kan wuta, idan miya ta yi kauri a ƙara ruwa, idan gishiri bai ji ba a ƙara, amma kwaɓin kek da zarar ya shiga wuta an rufe shi to magana ta ƙare, duk kuskuren da aka yi wajen awo ko wajen bugu sai ya fito a jikinsa. Wannan ne ya sa mace mai gwanintar tuwo da miya, wadda idonta da hannunta suka ishe ta ma'auni, takan sha mamaki idan kek ɗinta ya fito a daskare duk da ta zuba masa ƙwai da bota ba ƙyashi. Yawan kayan haɗi ba shi ke gyara kek ba, abin da ke gyara shi shi ne sanin aikin da kowane ɗayansu yake yi da kuma ba kowanne daidai gwargwadonsa.

Fulawa gari ne na alkama da aka raba da dusarsa, kuma mafi yawanta sitaci ne, sai furotin da bai cika wuce kashi 8 zuwa 14 cikin ɗari ba, gwargwadon irin alkamar. Idan ruwa ya taɓa fulawa aka kuma juya ta ko aka murza, furotin ɗin kan haɗu ya zama wani abu mai danƙo da ake kira gulutin, wanda shi ne ke sa kwaɓin burodi da na gurasa miƙewa ba tare da ya tsinke ba. Mai burodi neman gulutin yake yi, shi ya sa yake shan wahalar murza, amma mai kek gudunsa take yi, domin yawansa kan mayar da kek mai tauri da wuyar tauna. Da yake da yawa daga cikin fulawar da ake sayarwa a buhu da a mudu an niƙa ta ne domin masu gidajen burodi, ana iya rage mata ƙarfi ta hanyar ɗebe cokali biyu na cin abinci daga kowane kofi, a mayar da gurbinsu da konfulawa, wato farin sitacin masara, sannan a tankaɗe su tare. Tankaɗe ba ado ba ne, domin yana fitar da ƙwari da guda-gudan da laima ta haɗa, yana kuma warwatsa abin tashi cikin garin yadda ba zai taru wuri guda ba.

Kalmar bota a kasuwa ta haɗa abubuwa biyu, akwai wadda aka yi da madarar shanu, akwai kuma majarin, wadda wani Bafaranshe mai suna Hippolyte Mège-Mouriès ya ƙirƙiro a shekarar 1869 domin ta maye gurbin ta shanu, kuma a yau da man tsirrai ake yin ta. Dukkansu suna yin kek muddin mai ya kai wajen kashi 80 cikin ɗari na nauyinsu, abin da ake iya dubawa a jikin leda ko gwangwani. Irin mai laushin nan da aka yi don shafa wa burodi takan ɗauki ruwa da yawa, kuma ruwan nan kan ɓata lissafin kwaɓi. Soyayyen man shanu yana da ƙamshin da babu botar kanti da ta kai shi, kuma yana kyau ƙwarai a biskit, sai dai ba ya riƙe iska idan an buga shi, haka ma man gyaɗa, saboda haka ba a sa su a gurbin bota a irin kek ɗin da za a bayyana nan gaba. Sukari kuwa aikinsa ya wuce zaƙi, domin shi ke riƙe laima a cikin kek, shi ke hana gulutin yin ƙarfi, shi ne kuma ke taimakawa wajen ba da jan launin nan na saman gashi. Wanda ba ya son zaƙi yana iya rage kashi ɗaya cikin huɗu ba tare da wata illa ba, amma idan ragin ya wuce haka kek zai fito a bushe kuma fari fat.

Ƙwai shi ne ke ɗaure kwaɓi, domin furotin ɗinsa na daskarewa da zafi ya tsayar da jikin kek, gwaiduwarsa kuma na sa mai da ruwa su zauna tare ba su rabu ba. A nan ne ake yawan faɗawa kuskuren ƙirge, saboda littattafan girki idan suka ce ƙwai biyar suna nufin ƙwan kajin gona, wanda kowanne kan kai kamar giram 50 bayan an cire ɓawo, alhali ƙwan kajin Hausa da ƙwan zabi da ke cika kasuwa da damina sun fi wannan ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ya kamata a riƙa fasa kowane ƙwai a wani ƙaramin kofi daban kafin a juye shi cikin kwaɓi, musamman da bazara, don ƙwai guda da ya lalace ya isa ya sa a zubar da kayan dubban nairori. Ƙwan da aka saka a kwanon ruwa ya kwanta a ƙasa sabo ne, wanda ya taso sama kuwa ya tsufa, a rabu da shi.

Sai abin tashi, wato bekin foda, wanda wani mai haɗa magunguna a birnin Bamingam na Ingila, Alfred Bird, ya fara haɗawa a shekarar 1843 saboda matarsa ba ta iya cin abin da aka sa wa yis. Garin nan haɗi ne na soda da wani sinadari mai tsami da kuma ɗan sitaci da ke tsare su daga laima, kuma idan ruwa da zafi suka same shi sai sodar da tsamin su haɗu su saki iskar kabon, wadda ke kumbura kwaɓi. Soda zalla, wadda ake sayarwa daban, ba ta aiki sosai sai an haɗa ta da abu mai tsami kamar nono ko ruwan lemon tsami, kuma ta ninka bekin foda ƙarfi sau uku ko huɗu, don haka ba a musanya ɗaya da ɗaya cokali da cokali. Wannan ilimi ba baƙo ba ne ga matan da ke zuba ruwan kanwa a ƙullin waina ko kwaɓin alkaki idan ya yi tsami, domin kanwa 'yar uwar soda ce kuma aiki iri ɗaya take yi. Gwargwadon da aka saba shi ne cokalin shayi guda na bekin foda, shafaffe ba mai tozo ba, ga kowane giram 125 na fulawa. Idan aka zarce, kek kan tashi da sauri ya rufta, ya kuma bar ɗaci a harshe. Da yake laima na kashe bekin foda, kuma sau da yawa ana sayen sa ne a ƙulle cikin leda ba a san yaushe aka buɗe gwangwaninsa ba, yana da kyau a gwada rabin cokali a ruwan zafi, idan ya yi kumfa nan take yana da rai, idan ya kwanta shiru a sayi wani.

Mafi sauƙin haɗin da mai koyo za ta fara da shi shi ne wanda Turawa suka daɗe suna yi tun ƙarni na 18, inda ake ɗaukar fulawa da sukari da bota da ƙwai a ba kowanne nauyi ɗaya. A ma'aunin yau ana iya ɗaukar giram 250 na kowanne, wato ƙwan gona biyar, a ƙara cokalin shayi biyu na bekin foda, da ɗan gishiri kaɗan, da cokalin shayi guda na filebo, wato ruwan ƙamshi irin na banila, da cokali biyu ko uku na madarar ruwa. Alherin wannan haɗi shi ne, wadda take da sikeli za ta iya fara auna ƙwan da take da shi, kowane iri ne, sannan ta auna sauran ukun daidai da shi. Nauyi ake nufi, ba cikar mazubi ba, domin kofi guda na sukari ya kai giram 200 alhali kofi guda na fulawa bai wuce giram 125 ba, saboda haka wadda ta auna komai gwangwani-gwangwani ta riga ta karkatar da haɗin tun kafin ta fara. Idan babu sikeli, giram 250 na fulawa kofi biyu ne na awo, na sukari kofi ɗaya da kwata, bota kuwa an rubuta nauyinta a jikin ledarta. Ana ɗibar fulawa da cokali a zuba cikin kofin har ya cika a shafe bakinsa da bayan wuƙa, ba a danna ta, ba a kuma girgiza kofin. Ƙaramin sikelin kicin bai kai kuɗin kiret ɗin ƙwai biyu ko uku da akan yi asara wajen gwaji ba, kuma duk mai niyyar yin wannan aiki fiye da sau ɗaya a shekara ya fi mata ta saye shi kafin ta sayi injin bugu.

Matakin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne bugun bota da sukari, kuma shi ne aka fi yi wa gaggawa. Ana zuba su biyun a roba mai faɗi a buga da muciya ko ludayin katako, a riƙa murza su a jikin robar, har launin ya sauya daga rawaya zuwa kusan fari, haɗin ya ƙaru ya yi sakayau, ƙarar sukarin a jikin roba ta ragu. Da injin bugu wannan kan ɗauki minti huɗu zuwa biyar, da hannu kuwa yakan kai minti goma sha biyar ko fiye. Abin da ke faruwa shi ne, ƙwayoyin sukari masu kaifi suna yanka botar suna cusa mata ƙananan kumfar iska da ido ba ya gani, kuma waɗannan kumfar su ne bekin foda zai hura daga baya, domin shi ba ya ƙirƙirar sababbi, waɗanda ya tarar kawai yake faɗaɗawa. Ke nan wadda ta taƙaita bugu ta ƙara bekin foda don ta rufe giɓin ba za ta samu laushin da take nema ba, sai manyan ramuka jefi-jefi. Sharaɗin aikin shi ne bota ta kasance mai laushin da yatsa zai lotsa ta amma ba ta narke ba. Botar shanu kan fara narkewa tun kafin zafi ya kai digiri 35 a ma'aunin Salshiyas, alhali a watannin Maris da Afrilu zafin rana a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar kan haura digiri 40, shi ya sa da bazara ya fi kyau a yi kwaɓi da sassafe, ko a ɗora robar a cikin wata babba mai ruwan randa. Da hunturu matsalar kan juye, bota ta ƙanƙare, sai a yayyanka ta a bar ta kusa da murhu na ɗan lokaci, amma kada a kai ta kan wuta.

Bayan haka sai ƙwai, ɗaya bayan ɗaya, ana bugawa sosai har wanda aka sa ya ɓace kafin a ƙara wani. Idan aka juye su gaba ɗaya, ko aka ciro su daga firji da sanyinsu, haɗin kan tsinke ya yi gudaji-gudaji kamar nonon da ya kwana, kuma maganinsa shi ne a barbaɗa cokali guda daga cikin fulawar da aka auna a ci gaba da bugu. Daga lokacin da fulawa ta shiga kuwa hannu ya kamata ya sauya baki ɗaya, a ajiye bugu a koma juyi. Ana zuba fulawar da aka tankaɗe da bekin foda da gishiri kashi uku, ana sa madara tsakani, ana ɗago kwaɓin daga ƙasa ana kifa shi sama a hankali, kuma da zarar farin gari ya daina bayyana sai a tsaya. Kwaɓi mai kyau shi ne wanda idan aka ɗebo shi a ludayi aka karkata zai ɗan tsaya sannan ya faɗo da kansa dunƙule guda. Wadda za ta sa zabibi, wato busasshen inabi, ko yankakken dabino, sai ta fara birkiɗa su a ɗan gari don kada su nutse ƙasa. Gwangwanin gashi kuma tun kafin a fara kwaɓi ake shafe shi da bota a barbaɗe da fulawa a kaɗe ragowar, ko a shimfiɗa masa farar takardar gashi, ba jarida ba saboda tawadarta, kuma ba a cika shi fiye da kashi biyu cikin uku.

Wuta ita ce rabin aikin, kuma dole ta riga kwaɓi shiri, domin kwaɓin da aka ajiye yana jiran obin ya yi zafi iskarsa zurarewa take yi. A obin na lantarki ko na gas ana kunnawa minti goma sha biyar kafin lokaci a saita shi digiri 170 zuwa 180, a sa gwangwanin a tsakiya. Babban kek na wannan awo a gwangwani mai faɗin santimita 20 zuwa 23 kan ɗauki minti 50 zuwa awa guda, ƙanana kuwa irin na gwangwanin kifi ko na kofi minti 18 zuwa 25 sun ishe su. Yawancin ƙananan obin na gas wutarsu daga ƙasa kawai take fitowa, lambobin da ke jikin makunninsu kuma ba abin dogaro ba ne, shi ya sa sukan ƙona gindin kek samansa bai yi ja ba. Ana rage wannan ta hanyar ajiye faranti mai yashi ko gishiri a can ƙasa domin ya tare harshen wutar ya raba zafin.

Rashin obin bai hana kowa gashi ba, domin kek ɗin Sallah mai yawa a tukunya ake gasa shi. Ana samun babbar tukunya mai kauri da murfin da ke rufuwa ruf, a zuba wankakken yashi busasshe ko ƙananan tsakuwa a gindinta kaurin yatsu biyu, a rufe a ɗora kan garwashin da ya riga ya ruru ya daina hayaƙi, a bar ta ta yi zafi minti goma zuwa goma sha biyar. Yashin yana ɗaukar zafi ne ya riƙa sakin sa a hankali, maimakon harshen wuta ya bugi gwangwani kai tsaye. Ba a dasa gwangwanin kek a cikin yashin, ana ɗora shi ne kan wata waya ko kan wasu ƙananan gwangwanaye uku da aka kifa, yadda iska mai zafi za ta zagaya shi ta ko'ina. Sirrin wannan hanya shi ne a raba garwashi biyu, kaɗan a ƙasa, mafi yawa a kan murfi, domin zafin ƙasa ya riga ya taru a yashi, na sama ne ke ƙaranci. Don a gane ko zafin ya yi daidai sai a barbaɗa ɗan gari a murfin gwangwani a saka ciki, idan ya yi ja-ja cikin kamar minti biyar wuta ta yi, idan ya ƙone cikin minti ɗaya ko biyu a janye garwashi a ɗan buɗe tukunyar ta sha iska. Gwangwanayen kifi da na madara da za a yi gashi a cikinsu a cire musu takarda, a wanke su tas, a daddanne bakinsu mai kaifi, a kuma jefar da duk wanda ya yi tsatsa. Wajibi ne a yi wannan aiki a tsakar gida ko inda iska ke ratsawa, saboda gawayi na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, kuma tana kisa a ɗakin da aka rufe.

Ko a obin ko a tukunya, ba a buɗewa kafin kashi biyu cikin uku na lokacin ya wuce, domin a wannan tsakani kwaɓin ya kumbura amma sitaci da ƙwai ba su daskare sun riƙe shi ba, iska mai sanyi na shiga sai tsakiyarsa ta faɗa, kuma ba ta sake tasowa. Alamar nuna ita ce gefen kek ya ɗan janye daga jikin gwangwani, samansa ya dawo idan aka danna da yatsa, tsinken da aka soka a tsakiya kuma ya fito ba ɗanyen kwaɓi a jikinsa. Ana barin sa minti goma a gwangwani kafin a juye shi kan waya ko faifai ya huce, kuma ba a sa shi a leda da ɗuminsa, don tururin zai koma masa ya jiƙa shi. Kowane aibi da aka gani yana da tushe. Kek ɗin da ya yi tozo ya tsage a sama wuta ce ta yi masa yawa, ɓawonsa ya daskare tun cikinsa bai gama tashi ba. Wanda ya rufta a tsakiya ko dai an buɗe shi da wuri, ko an sauke shi bai nuna ba, ko bekin foda ya zarce. Wanda aka yanka aka ga wani layi mai danƙo a ƙasansa bota ce ta narke wajen bugu ko wuta ta yi sanyi, wanda kuma ya yi tauri da dogayen ramuka an ci gaba da buga shi ne bayan fulawa ta shiga.

Biskit ya fi kek sauƙin kai, domin ba ya buƙatar tashi sosai, abin da ake nema a gare shi shi ne ƙaras-ƙaras da narkewa a baki. Haɗin da ya fi sauƙin riƙewa shi ne kashi ɗaya na sukari, biyu na bota, uku na fulawa, misali giram 100 da 200 da 300, da ɗan gishiri, ba ƙwai ba ruwa. Ana ɗan buga bota da sukari, a zuba fulawa a haɗe da yatsu har ya zama curi, kada a murza, sannan a rufe a ajiye wuri mai sanyi rabin awa domin botar ta sake kamawa, in ba haka ba biskit ɗin zai baje a faranti ya rasa siffarsa. Sai a shimfiɗa shi da mulmulallen katako ko kwalba mai tsafta kaurin rabin santimita, a fitar da shi da bakin kofi, a sossoke shi da cokali mai yatsu, a gasa a wutar da ba ta kai ta kek ba, digiri 160, na minti 15 zuwa 20. Ana sauke shi da zarar gefensa ya fara ja ko da tsakiyarsa na da laushi, domin sai ya huce yake yin ƙarfi, kuma wadda ta jira ya taurare a wuta ƙonanne za ta kwashe. Wannan haɗi na karɓar soyayyen riɗi da gurzajjiyar kwakwa da garin citta da dakakkiyar gyaɗa, kuma idan aka maye giram 50 na fulawar da garin shinkafa mai laushi yakan ƙara gardi. Gyaɗar dai a tsince ta da kyau, a zubar da duk ƙwayar da ta yi baƙi ko ta yi fumfuna, saboda gubar da ke cikin irinta tana cutar da hanta kuma gashi ba ya kashe ta.

Cincin da dubulan da alkaki suya ake yi musu ba gashi ba, amma dokar awo ba ta bar su ba. A cincin, rabin kilo na fulawa kan ɗauki kamar giram 125 na sukari da giram 75 na bota da ƙwai guda da cokalin shayi na bekin foda da gyaɗar ƙamshi da madarar da za ta haɗa shi ya yi tauri. Bota idan ta yi yawa sai ya wargaje a cikin mai, ƙwai idan ya yi yawa sai man ya yi ta kumfa har ya nemi zubowa. Zafin mai ya tsaya wajen digiri 170, abin da ake ganewa idan aka jefa ƙwaya guda ta nutse ta taso cikin 'yan daƙiƙu da ƙananan kumfa kewaye da ita, kuma ana kwashewa tun launin bai kai yadda ake so ba domin yana ci gaba da duhu bayan ya bar kasko. Dubulan, wanda ake murza kwaɓinsa ya yi siriri a naɗe, da alkaki, wanda ake yi da barzajjiyar alkama a bar ta ta kwana ta yi tsami, dukkansu a ruwan sukari ake tsoma su bayan suya. Lemon tsami ko tsamiyar da ake sa wa wannan ruwa ba don ɗanɗano kaɗai ba ne, tsamin yana raba wani sashe na sukarin gida biyu, wanda hakan ke hana shi sake daskarewa ya yi fari a jikin alkaki. Ruwan ya yi ne idan aka ɗiga shi tsakanin yatsu biyu, bayan ya ɗan huce, aka ga ya ja zare guda.

Wajen ajiya ba a haɗa kek da biskit a mazubi ɗaya, domin biskit zai janye laimar kek, shi ya yi laushi kek ya bushe. Biskit da cincin da suka huce sarai kan yi makonni a roba mai murfi, alkaki ma yana jimawa saboda sukarin da ya sha, shi ya sa ya dace da gara. Kek kuwa kwana uku zuwa huɗu ne iyakarsa a ɗaki, da damina ma bai cika kai haka ba, da hunturu kuma ana naɗe shi da zarar ya huce don iska ba ta barin sa ya kwana da laushinsa. Firji na hana shi lalacewa amma yana sa shi saurin tauri, saboda haka wanda za a ajiye fiye da mako ya fi kyau a naɗe shi sosai a sa a sashen ƙanƙara, matuƙar akwai tabbacin wutar lantarki. Idan aka ga fumfuna a gefe guda na kek kada a yanke wurin a ba yara sauran, domin saiwoyinta sun riga sun ratsa cikinsa inda ido ba ya kaiwa, a zubar da shi baki ɗaya.